Lahadin Mohau a Ɗakin Tefo

Shekara talatin Mohau ya yi yana gyaran injin ƙananan jiragen sama a birnin Maseru, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Ɗansa Tefo ne ya zama matuƙi. Kwana uku bayan uban ya duba masa inji, jirgin ya faɗi a tsaunukan Mokhotlong, ko gawa ba a samu cikakkiya ba.

Da Mohau ya ajiye aiki, sai ya kafa kwamfuta da sitiyarin jirgi a ɗakin marigayin, irin na masu koyon tuƙi a gida. Duk Lahadi, a cikin kwamfutar, yakan saita iska da gajimare da nauyin kaya daidai da na ranar hatsarin, ya bi hanyar da ɗansa ya bi.

Wata Lahadi matarsa Puleng ta leƙo da kwanon tuwon masara.

"Baban Tefo, ka sauka lafiya?"

"Na sauka."

"To mun gode Allah. Taso ka ci."

"Godiyar me? So nake iskar nan ta kayar da ni ko sau ɗaya! Ni da ban iya tuƙi ba, kullum sai na isa. In ba iska ba ce, saura me?"

Puleng ta ajiye kwanon. Shi kuwa hannayensa da suka duba injin yake kallo.