Tiyon da Ya Hana Baba Komawa Gida

Shekarun baya, lokacin da Gusau ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, kuma wahalar mai ta kwashe motoci daga hanya, mahaifin abokina ya rasu a asibiti bayan sallar asuba. Manomi ne daga 'Yankuzo. Duk kwanakin jinyarsa roƙonsa guda: in ta Allah ta kasance, a kai shi gida a kwantar da shi kusa da matarsa. Abokina ya yi masa alkawari.

Abokina yana da tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar hatsi daga Bunguɗu. Ni na karɓi tuƙi, don na taɓa zaman garejin kanikawa. Muka aika mai babur ya je ya ce a haƙa kabari, muka shimfiɗa Baba a baya cikin tabarma, muka kama hanyar Tsafe. Bazara ce, rana kamar ta faɗo.

Ba mu kai rabin hanya ba sai tururi ya taso daga gaban mota. Na tsaya, na buɗe. Tiyon robar da ke kai ruwa daga lagireto zuwa inji ya tsage ta ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa. Gyaran ba wuya: a zare tiyon, a naɗe tsagar da robar tayar keke, a mayar. Sai dai ba mu da wani, don haka yanka shi bai taso ba. Dole ya fita lafiya.

Na kwance ƙarfen da ya ɗaure bakinsa, na ja. Ko motsi. Abokina ya saba ɗura wa motar ruwan rijiya mai zartsi, in ta fara yoyo ya zuba garin taba ya toshe. Shekara da shekaru wannan ya daskare, roba da ƙarfe suka zama abu guda.

Ni mutum ne mai son komai a jere, har a gida ana yi mini dariya a kai. Na ce masa, "Da farko inji ya huce. Sannan ruwan ɗumi da sabulu. Sannan a murɗa a hankali, ba a ja."

Ya ce, "Malam, karatu za ka yi mini? Baba na kwance cikin rana!"

"Wuyan injin da tiyon nan ya kama ya ci tsatsa. In ka matsa masa zai karye."

"To yaushe za a gama wanga murɗe-murɗe naka?"

Na juya neman ruwan zafi. Akwai ƙauye a gefen titi, sai wata dattijuwa ta kawo mana ruwan zafi a tukunya da guntun sabulu. Ina zubawa ina murɗawa, ina cusa bakin cokali tsakanin roba da ƙarfe. Na fara jin ya ɗan saki ta gefe guda. Motocin da suka wuce kaɗan ne, kowace a cike, har bisa rufi.

Ruwan ya ƙare, na tafi ƙaro wani. Ina dawowa na hango abokina ya leƙa bayan mota, ya kori ƙudaje daga tabarmar da hularsa. Sai ya ɗauko ƙarfen cire taya. Na yi masa tsawa, amma ya riga ya sa ya danna. Ƙara ɗaya na ji, ƙas. Tiyon ya fito a hannunsa, da guntun wuyan injin a cikinsa.

Ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, "Ya fita." Na ce, "Ya fita."

Limamin ƙauyen ya zo bayan azahar, ya ɗaga gefen tabarmar, ya mayar. Ya ce wa abokina, "Ɗana, gawa ba ta jiran bakanike. Ƙasa duk ta Allah ce. Ka bar mu mu yi masa sutura."

Abokina ya ce, "Na yi masa alkawari, Malam."

"Ka ɗauko shi, ka kawo shi iyakar inda aka rubuta."

Mutanen da ba su taɓa ganin Baba da rai ba su suka yi masa wanka da salla, suka haƙa, muka rufe shi kafin la'asar. Can 'Yankuzo jama'a suka yi ta zaman jira har labari ya isa, sannan suka mayar da ƙasa cikin kabarin da babu kowa.

Har yau ban taɓa ce wa abokina da ma ya jira ba. Ban san ko tiyon zai fita a kan lokaci ba, kuma shi ya ga abin da ke ƙarƙashin tabarmar, ni ina kallon inji. Abin da na riƙe dai, duk motar da ta shigo hannuna ina murɗa tiyonta tun tana lafiya, kada ya kama. In kuma hanya ta bi da mu ta ƙauyen nan, nakan rage gudu ba sai ya ce ba, shi kuma ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a.