Bangon da Hajo ta yaɓe

A ƙauyenmu kusa da Dayi, ba wanda ya taɓa ganin Aƙilu mai feshi a zaune. Ko tuwo a tsaye yake ci. Muna tsokanarsa da cewa cinnaka ke cikin wandonsa, alhali mun san dalili: zazzaɓin damina ya ɗauke masa 'ya'ya maza biyu, Ladidi kaɗai ta rage.

Shi ya sa da aka zo neman masu feshin maganin sauro, zamanin soja, ya bar gonar audugarsa ya goya tanki. Gida-gida yake bi, a fitar da kaya, ya feshe bango. Masifa kuwa kamar ya ari baki.

"Sauro a bango yake hutawa! Kar wanda ya taɓa bangon nan sai kaka!"

Farkon wata damina Ladidi ta zo gida haihuwar fari, ta sami namiji. Aƙilu ya feshe ɗakinta har saman ƙofa, sannan motar masu feshi ta kwashe su zuwa ƙauyukan Malumfashi.

Ranar suna ya dawo. Matarsa Hajo ta tare shi da fara'a.

"Malam, zo ka ga ɗakin mai jego."

Ɗaki fes. Sabon yaɓe, an bi da farar ƙasa. Ina Hajo za ta bar dangin mijin Ladidi su tarar da bango dabbare-dabbare yana wari? Ai sai a yi da ita a gari. Don ƙauna ta yi, amma ni har yau abin na ba ni haushi.

Aƙilu ya shafa bangon, ya shinshina hannunsa. Maganin duk yana ƙarƙashin laka. Tankinsa wayam, na bana ya ƙare, sai baɗi. Muka jira tsawa, shiru. Ya fita ya dawo, ya sake fita ya dawo. Sauro kuwa har ya fara tashi daga kududdufin bayan gida.

Can ya ce, "Ba ni mafici."

Ya zauna a gefen jaririn, wanda aka raɗa wa Ummaru, yana fifita, ƙafarsa na rawa. Haka kullum daga la'asar, har dawa ta nuna.

Ummaru ya ga kaka lafiya. Ran da aka girbe dawa, Aƙilu ya ajiye maficin, ya ce Hajo ta kawo masa tuwo nan kan tabarma.