Ranar da Mai Haƙar Rijiya Ya Sauka da Hankalinsa

Na yi aikin asibiti har na tsufa, fuskokin da na gani da yawa sun ɓace mini, amma akwai mutum ɗaya da har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Wannan abu ya faru ne 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, lokacin da aka turo ni daga Gumel zuwa ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya, da ke Maigatari, ina saurayi, ban daɗe da gama koyon aiki ba.

Shugabana a wurin wani dattijo ne da ya yi aikin jinya a soja lokacin yaƙin Bama, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Kowa Saje yake ce masa, ni kuwa Baba Saje. Ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa ɗaga wa majinyaci murya a gabana ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga wata tsohuwa ta riƙo hannun wani ƙaton mutum, jini na zuba daga ƙaurinsa. Ɗanta ne, sana'arsa haƙar rijiya. Ya faɗi ne a kan wani ƙarfe a tashar mota. Tun kafin ya zauna warin barasa ya cika ɗakin, irin wadda ake shigowa da ita a ɓoye daga tsallaken iyaka. Ina wanke ciwon, hannuwansa na karkarwa, tsohuwar tana cewa, "Ɗan nan, ka yi masa faɗa. Liman ya yi, kawunsa ya yi, ni na yi har bakina ya gaji."

Na buɗe baki ke nan zan fara, sai Baba Saje ya dafa kafaɗata. Ya dubi mutumin ya ce, "Sannu, Malam. Ciwon nan yana son wanki a kai a kai. Ka riƙa zuwa da safe, yaron nan zai duba ka."

Da suka tafi na ce, "Baba, ai da mun yi masa nasiha."

Ya ce, "Nasiha ya sha ta fiye da barasar. Ka ga ta yi masa magani? A Bama na ga mazaje da yawa irinsa. Ba wanda yake shan abin nan don bai san haramun ba ne. Akwai abin da yake gudu. Aikinka ka gano abin, kuma ba za ka gano shi kana tsaye a kansa ba."

A kwanakin da suka biyo baya ya koya mini abubuwan da ba a koya mana a makaranta ba. Ya ce in zauna ƙasa daidai da mutumin. Kada in ce masa "me ya sa kake sha," domin tambayar tana kama da tuhuma; in tambaye shi yadda ya kwana, da yadda aiki yake. In ya yi shiru, in bar shirun, kada in yi gaggawar cike shi. In ya faɗi magana, in maimaita masa ita da bakina don ya san na ji. Kuma abin da ya gaya mini ya tsaya tsakaninmu, ko mahaifiyarsa kada ta ji daga gare ni.

Wallahi shirun nan ya fi komai wuya. Mutumin yakan zo, in shimfiɗa tabarma a inuwar bayan ɗakin, in naɗa masa bandeji, mu zauna kamar kurame. Da ƙyar nake samun "lafiya lau" daga bakinsa. Sai wata safiya, ciwon ya kusa warkewa, na ce, "Malam, ni fa ko leƙa rijiyoyin ƙasar nan na yi sai jiri ya ɗebe ni. Yaya mutum yake ji a can ƙasa?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "Da ba na jin komai. Ni da ƙanena muke yi. In na sauka ya riƙe igiya, in ya sauka in riƙe." Ya sake yin shiru. Harshena yana ƙaiƙayi, amma na danne. Sai ya ci gaba: a wani ƙauye wajen Gagarawa ne, ranar ƙanen ne a ƙasa. Rairayi ya zabtare. Ya ji an ja igiyar da ƙarfi, ya ja, ya ja, har fatar hannunsa ta saɓule, amma igiyar ta ƙi tasowa. Tun daga ranar ba ya iya sauka rijiya sai ya sha, ga shi kuma ba shi da wata sana'ar da zai ciyar da nasa 'ya'yan da marayun ƙanensa.

Na so in ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce, amma na san ya ji wannan sau ba adadi. Sai na ce, "Wato har yau kana jin jan igiyar nan a hannunka."

Ƙaton mutumin nan ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro. Ya ce bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Da ya natsu na tambaye shi, kamar yadda Baba Saje ya koya mini, shi me yake so. Ya ce, "Ina so 'yar ƙanena ta daina ɓuya bayan ƙofa in na shigo gida."

Daga nan muka fara, kaɗan-kaɗan. Shi da kansa ya zaɓi ya daina bi ta tasha, inda ake sayar da barasar, ranar kasuwa, ya kuma roƙi abokan aikinsa su bar shi a bakin rijiya yana jan ƙasa, ba sauka. Da karkarwa da gumi na rashin shan barasar suka tsananta, Baba Saje ya kwantar da shi a wurinmu har suka lafa. Na ɗauka an gama. Sai ya ɓace mana, labari ya zo cewa an gan shi a buge. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba Saje ya ce, "Zai dawo yana jin kunya. Yadda ka karɓe shi ranar, shi ne maganin ko dafin."

Ya kuwa dawo, ya raɓe jikin katanga ya kasa shigowa. Na fita na ba shi hannu na ce, "Ka kyauta da ka zo. Zo mu zauna ka gaya mini inda aka yi tuntuɓen." Ya dube ni kamar bai yarda da kunnensa ba.

Bayan damina ya zo da wata buƙata. Sun samu aiki a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, yana so ya sauka ba tare da ya sha komai ba, kuma yana so in tsaya a bakin rijiyar. Na ari keke na je. Ya ɗaura igiya a ƙugu, gumi na tsiyaya daga goshinsa, leɓɓansa na motsi da addu'a. Ya zura ƙafa, ya janye. Ya sake zurawa, aka fara sassauta igiya, duhu ya haɗiye shi. Matan ƙauyen da ke jiran ruwa duk suka matso bakin rijiyar. Can sai muka ji muryarsa daga ƙasa, garau: "Kai, ku turo kwandon mana, zama na zo yi?" Wurin ya kaure da dariya, ni kuwa na juya baya ina share ido.

Ba zan ce bai sake zamewa ba. Ya zame, ya kuma tashi, har Allah ya raba shi da barasa gaba ɗaya. Abin da na koya, na kuma yi aiki da shi har na bar aiki, shi ne wanda shaye-shaye ya kama ba ya rasa masu yi masa faɗa. Abin da yake rasawa shi ne wanda zai saurare shi har ya kai ga inda ke masa ciwo, kuma ya buɗe masa ƙofa ranar da ya dawo a kunyace.