Ruwan da Bai Isa Wankan Jego Ba

Duk ilimin ɗan Adam, daga ranar da ya fara hura wuta, bai wuce neman bambance zafi da ɗumi ba. Ni na yi digiri biyu a kan wannan bambanci, kuma da shi nake cin abinci a Doha, inda aikina sanyaya filayen ƙwallo.

Mahaifiyarmu, Hajiya, ta tafi Ingila yi wa ƙanwata zaman jego. Ko arba'in ba a yi ba annoba ta rufe hanya, daga baya ciwon ƙirji ya hana ta hawa jirgi. Gidan kuwa an sa masa sabuwar na'urar ɗumi, wadda iyakwandishan ce aka juya wa aiki: tana zuƙo ɗumi daga iskar waje ta zuba a ruwa, ruwan ya zagaya cikin lagireto na bango. Ruwan nata ɗumi gare shi, ba ya tafasa, saboda haka sai lagireto mai faɗi, mai ruɓi biyu, ke iya riƙe ɗaki. Na ɗakin Hajiya tsoho ne, siriri kamar faranti.

Na ce a bar min zaɓin sabon lagireton. Daga falona a unguwar Bin Mahmud ta Doha, ina kulle kamar kowa, na sa ƙanwata ta auna bango da taga, ta sake aunawa, ta leƙa ƙarƙashin ƙofa. Na yi lissafin ƙarfe, na yi na alminiyam, na tsaya kan mai 'yar fanka a ciki, sai na ji tsoron ƙararsa za ta hana tsohuwa barci. Ƙanwata ta ce, "Yaya, lagireto za ka saya ko aure za ka ɗaura masa? Ko ango ba a bincikensa haka."

Ni ne ɗan fari. Hajiya ba ta kama sunana, ba ta kuma kai min kuka. Duk ran da na tambaye ta ko tana jin sanyi, sai ta kau da kai daga wayar ta ce Alhamdulillahi. Na ɗauki wannan kalma na sa a lissafi, na ga akwai sauran lokaci. Bazara ta zo, na ajiye takardun. Hunturu na biyu ma da hita mai waya da barguna uku aka fitar da shi.

Sau ɗaya ta yi magana, ita ma ta bayan fage. Ta taɓa ƙarfen lagireton da bayan hannu ta ce wa ƙanwata, ina ji, "Gaya wa wancan, ruwan da bai isa wankan jego ba, ba shi zai kori sanyi ba." Na yi mata bayanin faɗin ƙarfe na kusan rabin awa. Ta ce Allah ya ƙara sani.

Sai da gasar cin kofin duniya ta ƙarato na yanke shawara, na aika a yi oda. Kamfanin ya ce a jira makonni. Ina tsaye a fili, ina duba ko iskar sanyi na kai wa idon sawun 'yan kallo, ƙanwata ta kira. Ba ta yi sallama ba.

Lagireton ya iso kwana tara bayan jana'izar Hajiya. Lissafina daidai ne. Ƙanwata ta ce duk gidan babu ɗaki mai ɗumi kamar wannan, a can take shanya kayan yaro.