Layin Yakuwa a Gefen Gabas

Tun da na sayi waya mai kyamara mutanen garinmu suka yanke hukuncin cewa boko ya taɓa ni. Ba ɗaukar hoton ne ya dame su ba, abin da nake ɗauka ne. Mutum ya sha wanka, ya karkata hula yana jira, ni kuwa na ba shi baya ina ɗaukar bishiyar kuka. A Gumel nake koyarwa, duk ƙarshen mako sai in hau babur in nufi ƙauyenmu da ke bayan Ɗanzomo, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba in maishe ta ta rabin yini. In tsaya a kududdufi idan ya cika ya batse, in tsaya a tsohuwar rijiyar da igiya ta cinye wa baki, in tsaya wa raƙuman da suka nufi kasuwar Maigatari. Har kwalbati na taɓa ɗauka, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa ja wur, wani mai amalanke ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗa mini a ciki.

Mahaifina bai taɓa hana ni ba, tsiya kawai yake mini. Da na jingine babur zai ce, "To, malam mai hoto, yau kuma wace bishiya ce ta ci ado?"

A farkon damina ya rasu, bayan an yi shuka. Kwanciyar ba ta yi tsawo ba. Ya dawo daga gona da rana ya ce kansa na sarawa, bai sake fita da ƙafarsa ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta shiga takaba. Malamai sun ce mai takaba tana iya fita idan da lalura, amma Inna ba irin matan da za a ga ƙeyarsu a zaure ba ce kafin kwanaki su cika. Kafin ta fita kuwa an yanke gero an kai rumbu. Shukar ƙarshe da ya yi da hannunsa za ta fito, ta fid da kai, ta nuna, ba ta gani ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. Idan tana da magana da ni, sai ta faɗa wa bango, ko kazar da ke wucewa. Wata Asabar ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, sai ta ce, idonta a kan tabarma, "Mutum yana ta ɗaukar itatuwan mutane. Ko gonar gidansu ba ta ɗaukuwa ne, oho."

Daɗi ya kama ni, don ranar aka fara neman hotona a gidanmu. Na jira la'asar ta yi sanyi, na je na durƙusa, na ɗauko gero kore shar, hadari ya haɗo a bayansa. Har yau ina alfahari da hoton nan. Inna ta duba, ta miƙo mini wayar. "Wannan ai sama ce, ba gona ba."

Mako na gaba na kawo mata ganyen gero da raɓa a kansa. Ta ce ganye kam akwai shi a bayan ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga kewar mahaifina tana cina, ga abu ɗaya da na iya a duniya an raina shi. Na tashi zan fita, sai na ji ta ce, a hankali, "Gefen gabas fa, wajen gawon nan, ba a zuwa ne?"

A sanina babu komai a gefen gabas sai iyaka da ciyawa, da gawon da ke tsaye tsirara, don shi da damina yake zubar da ganye. Da tsakar rana na tafi, da fushina. Ban durƙusa ba, ban nemi haske ba, na bi iyakar ina dannawa kawai. Hotunan suka fito fari fat, inuwata a cikin wani, babban yatsana a cikin wani.

Inna ta riga ta koyi buɗa hoto da yatsu biyu. Ta buɗa, ta matsar, ta sake buɗawa, carbin ya zame daga hannunta. Na leƙa. A cikin ciyawar akwai wasu 'yan tsirrai masu jan kara, a jere. Yakuwa ce.

Sai a lokacin na tuna. Kowace shekara, idan ya gama da gero, mahaifina yakan shuka layi guda na yakuwa a gefen gabas, na Inna ne ita kaɗai. Ganyen ta yi miya, zoɓon ta shanya ta yi abin da ta ga dama da shi. Bai taɓa cewa na shuka miki ba, ita ma ba ta taɓa yin godiya a gabanmu ba. Da kaka dai zai ce, "A je a ɗebe jan abin nan, ya tare hanya." A shekarar nan ya kwanta ba ta san ko ya kai ga layinta ba. Ba ta iya tambayarsa yana jinya ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambayi baffana, ƙanensa da ya karɓi noman, ba.

Daga gindin gawon layin ya miƙe sak, irin aikinsa. Can gaba ya fara karkacewa, tazarar ta yi ta faɗi, alamar mai shukar ƙafarsa ba ta ɗaukarsa.

"Ashe ya shuka," in ji Inna. Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ban saba gani ba. "Har ƙarshe?"

Na nuna mata hoton da yatsana ya rufe rabinsa, inda tsiro na ƙarshe yake a kusurwar gonar. "Har ƙarshe, Inna."

Ta juya fuskarta bango. Na fita tsakar gida na yi nawa kukan.

Yakuwa tana daɗewa a gona fiye da gero. Da Inna ta fita takaba, karan gero ya riga ya kwanta, amma layinta yana tsaye ja wur, ta je ta tsinke abinta da hannunta.

Da damina ta kewayo, na tarar da ƙullin iri a tsumma kusa da takalmina. Inna ta ce wa kaza, "Daga gawon ake farawa." Na shuka, har da igiya na ja don kada a ce ɗan boko ya karkace. Da ya fito na jira haske mai kyau na ɗauka na kawo mata. Ta duba, ta ce ya yi. Sannan ta miƙo mini wayar, ta ce in nemo mata hoton bara.