Baƙin Wayoyi a Akwatin Baba

Wata Asabar ce bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsugune a bakin rijiya ina kankare tukunyar tuwo sai na ji Baba ya ƙwala mini kira daga zaure. Na same shi riƙe da ɗan farin akwatin waifai da ya saya domin karatun Yaya Nura, shi kuma Yaya Nuran yana nuna masa fuskar waya. Data ta ƙare tun wata bai raba ba, ga kuma wayoyi rututu a kan layinmu waɗanda ba na gidanmu ba. Ba a tambaye ni komai ba. Baba dai ya dube ni ya ce, "Ke kika ba ƙawarki lambar sirrin nan." Ni da ko taɓa akwatin ba a bari in yi!

Ƙawar tawa ita ce Zinatu. Iyayenta daga Maraɗi suka zo, suna haya a gidan da ke jikin namu a Sharaɗa, babanta yana aikin fata a Chalawa. Tare muke kai niƙa, tare muke tsallake kwatar da ke gangaro da ruwan kamfanoni, yau ja gobe shuɗi, muna musun launin da zai biyo baya. Da la'asar mu baje carafke a ƙofar gida har jiniyar canjin aiki ta tashi. Laifinta ɗaya, wanta yana da waya. Da wannan hujjar kaɗai Baba ya saɓa riga ya shiga wajen mahaifinta. Ta katanga na jiyo kukanta, kuma daga ranar aka hana mu ko gaisawa. Na rantse har na gaji, Inna ta ce in rufe baki, wai "babba ba ya ƙarya." Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Aka canja lamba, aka ɓoye mini ita kamar maganin ɓera. Ba a jima ba baƙin wayoyin suka dawo, har da ƙari, sai aka ce leƙe nake yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekarun da Baba ya yi a gaban injin roba sun taɓa masa kunne, ba ya magana sai da ƙarfi, kuma tun makarantar allo bai iya rubuta harafi ba sai ya furta shi. Duk sanda zai sa lambar a wayarsa, a zaure yake zama yana dannawa yana karantowa kamar mai biya wa ɗalibai karatu. Bayan bangon zauren kuwa dakali ne, inda leburorin kamfani ke shan shayin Malam Isa kafin su shiga aiki.

Malam Isan ne ya fasa ƙwan, kuma da zuciya ɗaya. Wata safiya zan tafi makaranta, Baba yana fito da babur, ya taso ya gaishe shi ya ce, "Malam Habu, Allah ya saka da alheri kan sadakar nan da kuke yi wa yaran nan. Sai dai sabuwar lambar ta yi tsawo, ku ɗan riƙa maimaita ƙarshen." Baba ya yi tsaye riƙe da babur, sannan ya hau ya wuce. Da yamma ya dawo da tsire a takarda, ya ajiye a gabana ya wuce ɗaki. Haƙurin da aka ba ni ke nan. Na ci tsiren, ba zan ɓoye ba, amma gidan su Zinatu bai taka ba, girma ya hana shi. Na je da kaina, mamarta ta tare ni a ƙofa ta ce, "Koma gida, 'yata, kada gobe ma a ce mun ɗauki wani abu." Kafin damina ta fita aikin babanta ya tsaya, suka kwashe kaya suka koma Maraɗi ina makaranta.

Yanzu kowane lebura yana da datarsa a aljihu, babu mai kasa kunne a bangon wani. Baba ya tsufa, kunnen ya ƙara nauyi, idan aka tuno labarin a gida dariya ake yi. Ni ba na yi, domin an daki yarinya a kan abin da ko sunansa ba ta sani ba, kuma babu wanda ya ce mata yi haƙuri. Ina da nawa akwatin a gidana a Ɗorayi, wani lokaci nakan ga baƙuwar waya a kai, in ƙyale ta. Sunan Zinatu na sa a lambar sirrin. In Allah ya biyo da ita ta ƙofata, ba sai ta roƙi kowa ba.