Sawun da Uwargida Take Gogewa

Edita, a ba ni ɗan fili, a kuma yi haƙuri da rubutun, don bokona a aji huɗu ya ci birki. Duk da haka malamin daji ake ce mini, har da kaki da hula, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Lokacin da abin nan ya faru na riga na ajiye aiki, haƙora sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, amma ina nan da tinƙahon abu guda: bin sawu. A zamanin da dajin Birnin Gwari yake na gwanki da gada da ɓarayin katako, in na duƙa a bakin rafi da hantsi, raɓa na ɗiga daga ganye, zan gaya maka dabbar da ta sha ruwa, da ko a natse ta tafi ko a firgice. Wannan gwanintar ce na kinkimo na shiga da ita tsakanina da matata, na yi ɓarnar da har yau ban san ta inda zan gyara ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Dogon Dawa. Mun baro shi shekarar da mutanen daji suka tare ɗanmu na fari a hanyar gona, ya riga mu gidan gaskiya, muka taso da kayan jikinmu muka kama haya a cikin gari. Ranar da muka sauka na tara iyali na kafa doka irin ta tsofaffin da ba su iya kuka ba: kada wanda ya ƙara ambaton ƙauyen nan ko yaron a gabana. Uwargida ta ce to. Ita kuwa tun muna da ƙuruciya "to" ɗinta kamar tsohuwar rijiya take, ba a hango ƙasanta.

Ana nan sai 'yarmu da ke aure a Kaduna ta kawo mata babbar waya, irin wadda ake shafawa, suka shige ɗaki ta koya mata abin da ta koya mata. Tun daga ranar, da an yi la'asar, uwargida za ta ɗauki kujerarta ta koma gindin zogalen bayan ɗaki, ta kawo wayar daf da fuska, ta riƙa buɗe yatsu biyu a kai kamar mai buɗe bakin jaka. Sai murmushi ya sauko mata a hankali, irin wanda rabona da shi tun ina zuwa zance ƙofar gidansu da keken aro. Da na yi gyaran murya sai ta shafa wani wuri, ta soke wayar a zane. Wata rana ta shiga maƙwabta barka na leƙa wayar, na tarar da wurin da ake ganin abin da mutum ya duba fes, kamar tsakar gidan da aka share da asuba. A ilimina na daji abu biyu ne ke goge sawu: ruwan sama, da ɓarawon da ke jan reshe a bayansa. Na yi nazari mai zurfi, na tabbatar ba a ruwa a cikin waya.

Wanda nake zargi ma ina da shi a hannu. Akwai wani tela da ya neme ta kafin ni, matarsa ta rasu, yana nan unguwar Magajin Gari da gemunsa mai lalle. Tsoho ne da ko keken ɗinkinsa sai ya huta sau biyu kafin ya gama bakin wando, amma shaiɗan ya riƙa nuna mini shi kamar saurayi a kan doki. Na lura kwanan nan yana gaishe ni da fara'ar da ta wuce ƙa'ida, har yana tambayar iyali. Na ce ai ga sawu.

Sai na ce mata wayar tana shan caji, bari a duba. Na kai wa wani magidanci mai gyaran waya a bakin tasha, na rage murya na faɗa masa buƙatata. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce Baba da kai da Inna, ai tambayarta ta fi sauƙi. Na haɗe rai na sanar da shi cewa ni tsohon ma'aikacin hukuma ne, bincike kuma ba a yin sa da izinin wanda ake bincika. Ya ce abin da aka goge a fuskar waya yakan bar inuwa a wani wurin, zai iya tono shi. Amma in ina so ya sa mini abin da zan riƙa ganin motsinta, sai ya wanke wayar ya sabunta komai, don da alama tun lokacin da sabis ya yi wuya a garin nan ba ta sha sabon abu ba. Na ce a wanke ta tas.

Da ya tono, abu ɗaya ne jere daga sama har ƙasa: sunan ƙauyenmu. Da baki take faɗa wa wayar, tunda ba ta rubutu. Ya danna, sai ga ƙasa ta buɗe kamar yadda shaho ke ganinta daga sama. Na gane gwiwar rafi, na gane ɗorawar bakin masallaci. Amma babu jinka ko ɗaya, inda rumbuna suke sai baƙaƙen zobba, ciyawa ta cinye hanyoyi. Kunya ta kama ni, amma har da ɗan daɗi, na wanke tela daga tuhuma a zuciyata. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, me zai sa mace ta yi wa kango murmushi.

Da la'asar ta zauna gindin zogale, ina kan tabarma ina satar kallo. Ta buɗe yatsu, ta rufe, ta sake buɗewa. Ta daɗe. Sannan ta taso ta durƙusa gefena ta tambaye ni wa ya taɓa cikin wayar. Na ɗauko zancen caji, ta bar ni na kai ƙarshe. Sai ta gaya mini hoton da ke wayarta tsoho ne, an ɗauke shi daga sama kafin abin ya faru, ya maƙale a ciki saboda rashin sabis. A cikinsa jinkunanmu sababbi ne, ga ɗan ja-ja a kan falalen dutse inda take shanya barkono, a hanyar gona kuma ga ɗigo biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta ce ɗanmu ne da jakinsa, don duk ƙauyen shi kaɗai ne ba ya kora jaki, gaba yake shiga jakin ya bi shi. Ta ce tana gogewa ne don kada idona ya faɗa kan sunan garin, tunda na ce ba na iyawa.

"Malam, kullum yana hanya, bishiyar kuka kawai ta rage ya wuce ya iso gida," in ji ta. "Yau na duba, babu kowa a hanyar."

Na koma wurin mai gyara kafin a kira magariba. Ya gwada iyakar saninsa, 'yarmu ma ta sa an gwada a Kaduna, ko'ina sabon hoton ne. Mutumin da ya iya dawo mini da abin da ta goge ya kasa dawo mini da abin da na goge. Uwargida ba ta yi mini faɗa ba, tuwo bai canza ba, gaisuwar safe ba ta ragu ba. Wayar dai tana cikin kwalla, sai 'yarta ta kira take ɗauka. Na soke dokata da bakina. Yanzu da la'asar ni ke zama kusa da ita ina zana mata ƙauyen da baki, daga rafi zuwa ƙofar gida, ta lumshe ido tana gyara mini, wai rijiyar a hagu take, wai tsufa ya fara cin taswirar malamin daji. Har dariya takan yi. Amma da na karkato da labarin zuwa hanyar gona sai ta miƙe ta ce za ta duba wuta.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Ba duk abin da aka rufe ne kayan sata ba. Wani ciwo ne aka lulluɓe, wani lokacin ma don kai aka lulluɓe shi. Ina kira ga maza da mata, musamman tsofaffi irina da zama ya yi wa yawa: in ka ga abokin zamanka yana ɓoye wani abu a waya, fara tambayar kanka wace ƙofa ka rufe masa a gida har ya koma can. Sannan ka tambaye shi da baki, ka jure amsar. Da na yi haka, da yanzu mu biyu ne a gindin zogale muna jiran yaron ya wuce kuka.